Lambun Makaranta a Karofi: A Ɗaga Kunya, a Tsare Shuka

Duk ɗalibin da ya taɓa shuka alayyafo a bayan aji ya san takaicin zuwa da safe ya tarar an cinye ganyen. A Ingila, babban mai wannan ɓarna wani dangin dodon koɗi ne marar ƙoƙo a baya, kuma masu lambu a can kan yi akwatin katako su cika da ƙasa. Mu a Karofi, idan muka kwaikwaye su, gara muka yi wa liyafa.

Masu noman rani a kewayen Dam ɗin Zobe kwami suke yi, mai zurfi, don ya riƙe ruwa. Da damina akasin haka muke so, domin ruwan Agusta kan kwanta ya ruɓar da saiwa. Sai mu ɗaga kunyar kamar santimita 25, faɗinta kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba a taka ƙasar ba. A tokare gefenta da fasassun bulo ko duwatsu, kuma dutse dai ba ya yi mana wuya a ƙasar Dutsin-Ma.

Wurin cika ta ne ake yawan yin kuskure. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, amma takin da ya ruɓe sarai har ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, guntayen kara da ba su ruɓe ba kuwa su ne ke gayyato gara. Gara mu jira mako biyu da mu yi gaggawa mu rasa iri.

Dodon koɗi yana son danshi, da dare yake fita. Mu shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a gefen kunya da yamma, da safe mu ɗaga mu tsince abin da ya ɓoye, mu wanke hannu da sabulu. Zoben toka yana taimakawa muddin tana bushe, ruwa ɗaya ya wanke ta sai an sake. Gishiri kuwa a bar shi a madafa, yana kashe ƙasa. Tsutsa mai huda ganye, a daka 'ya'yan bedi a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma.

Duk wannan aikin banza ne idan babu shinge. Akuya ɗaya ta isa ta share wahalar zango guda kafin a tashi tara, don haka a kewaye da kara da ƙaya tun kafin a zuba iri. Mu fara da alayyafo, wanda ake tsinka cikin mako 4 zuwa 5, sai yakuwa da kuɓewa su biyo baya. A raba ranakun duba lambun tsakanin 'yan aji, har da Asabar da Lahadi.