Kakaki a kan shafi biyu: Gwajin da ke jiran ɗaliban jarida a Bauchi

Duk ɗalibin da ya karanci aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ko a ta Abubakar Tatari Ali, ya san akwai ranar da za a ce ya ajiye biro ya fito da jarida ko mujalla ta gwaji. Idan rabonsa ya faɗa a kan shafuka biyu masu kallon juna na mujallar kiɗa da waƙa, sai ka ga fuskarsa ta washe, a zatonsa ya tsinci dami a kala. Alhali aikin da aka ɗora masa shi ne ya sa mai karatu ya ji sauti da ido.

Hanyar da aka fi bi sananniya ce. A buɗe CorelDRAW ko Canva, a ɗauko tsarin wata mujallar Amurka, a cire fuskar tauraronsu a liƙa ta Hamisu Breaker ko Ado Gwanja, a cike gefe da rubutu. Wannan tsari an yi shi ne don mutum ɗaya tilo. Kiɗan Hausa kuwa, a mafi yawan tarihinsa, aikin taro ne. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ya tsayuwa sai da masu kalangu da 'yan amshi. Haka Musa Ɗanƙwairo da masu kotsonsa, haka Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Wanda ya yanke hoton irin waɗannan ya bar fuskar jagora kaɗai, ya jefar da rabin labarin. Faɗin shafi biyu shi ne ainihin wurin da tawaga za ta baje. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, shi ne akasin haka: mutum ɗaya da kuntiginsa, wanda farin fili a kewaye da shi zai fi bayyana shi a kan tarkacen ado.

Ɗalibin da ke zaune a Shadawanka ba shi da uzurin aron fuska daga intanet. Unguwar ta yi suna ne da barikin sojoji, kuma inda soja yake akwai badujala, akwai kuma mutanen da suka zo daga kowace kusurwa ta Najeriya da kaɗe-kaɗen bukukuwansu. Idan ya jira sallah, ga masu kakaki da algaita da tambari a hawan Sarkin Bauchi. Hoton da ya ɗauka da kansa nasa ne, ba mai tuhumarsa. Wanda ya kwaso daga Facebook yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare hoto kamar yadda ta kare baitin waƙa.

A ɗauki kakakin misali, domin babu abin da ya fi shi dacewa da shafi biyu. Dogo ne, siriri, yana jan ido daga hagu zuwa dama ba tare da an sa kibiya ba. Amma a nan tarkon yake. Mujallar da ake ɗinkewa da ƙusa a tsakiya, manyan takardu ne ake ninkawa, kowace takarda shafi huɗu. Shi ya sa adadin shafukanta kan zama 16 ko 20 ko 24, ba 18 ba. A mujalla mai shafi 24, shafi na 12 da na 13 ne kaɗai suke kwance a jere a kan takarda guda. Shafi na 6 da na 7, duk da suna kallon juna a hannun mai karatu, takardu ne daban-daban, kuma sai wajen ninki suke haɗuwa. Idan mai ninki ya kauce da milimita biyu, kakakin ya karye a tsakiya. Saboda haka ɗalibi mai wayo tun farko yake neman a ba shi tsakiyar mujalla. In bai samu ba, sai ya tabbatar babu ido, ko baki, ko harafin kanu da ya faɗa cikin ninkin.

Sauran ƙa'idojin maɗaba'a ba su da wuyar riƙewa. Hoton da zai kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 don wuƙar yanka. Ana son ɗigo 300 a kowane inci, abin da hoton da ya bi ta WhatsApp ba kasafai yake da shi ba, don manhajar tana matse shi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada kala huɗu, shi ya sa shuɗin babbar riga da ke ƙyalli a allo kan fito a dushe.

Babbar matsala tana cikin haruffa. Kalmomi biyu da mujallar ba za ta iya guje musu ba, wato waƙa da kiɗa, kowacce tana ɗauke da harafi mai lanƙwasa. Da yawa daga cikin samfuran haruffa masu ƙayatarwa da ake saukewa kyauta ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko dai su bar akwati a gurbin harafin, ko manhaja ta aro shi daga wani samfurin ya fito kamar bare a cikin dangi. Mafita ta ragwanci ita ce a cire lanƙwasar. To amma Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, ba na faɗa ba, kuma ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Wanda ya saba zubar da ita ba zai lura ba ranar da ta sauya masa ma'ana a kanu mai girman tafin hannu. Gwajin bai fi minti ɗaya ba: kafin a zaɓi samfuri, a rubuta ƙ, ɗ, ɓ, manya da ƙanana. Sannan a kai wa mai bugawa aikin a matsayin PDF da haruffan a ƙunshe, don kada kwamfutarsa ta musanya su.

Akwai kuma inda za a yi koyi a gida. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta daɗe tana nuna cewa ana iya buga labarin 'yan wasa da mawaƙa da Hausa, mutane su sa kuɗi su saya. Tsofaffin fitowarta darasi ne a kan tsawon kanun Hausa, wanda sau da yawa ya fi na Ingilishi cin wuri.

Bayanin da ke ƙasan hoto shi ake barin wa daren ƙarshe, kuma a nan editoci suka fi kama ɗalibi. “Mawaƙi da makaɗansa” ba bayani ba ne. Kalangu daban, kotso daban, taushi daban, kuma kukuma ba goge ba ce ko da sun yi kama. A waƙar zamani ma akwai wanda ya zauna gaban fiyano a sutudiyo ya haɗa kiɗan da ake rawa da shi a gidan biki, kuma da wuya a ga sunansa a rubuce. Layi biyu ne a ƙasan hoto: wane ne, me yake riƙe da shi, a ina, wace rana. Sai ɗalibi ya tambaya tun a wurin ɗaukar hoton, kafin taro ya watse.