Gajiyar Mai Binciken Lissafi

A zamanin En'e shekarar kuɗi takan ƙare ran 31 ga Maris. To, da watan ya kama, sai mai binciken lissafin Baitulmali ya kwana gaban fitila yana tara fam da sule da kwabo, har idonsa ya yi ja. Fam ya tafi a 1973, En'e ta bi shi a 1976, kwamfuta ta maye gurbin littafi, amma gajiyar tana nan.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan ba cuta ba ce, wahalar aiki ce da aka bari ta daɗe, watau ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin kuma ya daina kyau. Fitar zuciyar nan ita ce abin tsoro a ganina. Mai bincike in ya kai haka, sai ya sa hannu bisa takardar da bai karanta ba, maciyin amana kuwa abin da yake jira ke nan. Saboda haka ya kamata shugaban ofis ya raba binciken wata-wata, kada a tara shi ƙarshen shekara. Wanda kuma ya kwana bisa lissafi, wani dabam ya duba masa da safe.