Tsohon Injin Kwale-kwale: Yadda Ake Saye da Yadda Ake Ɗaura Shi

A wannan makon mun ɗauko bayani a kan injin da ake rataya wa a bayan kwale-kwale. Wani zai ce, mu da muke Muchiya, ina ruwanmu da jirgin ruwa? Ruwanmu kuwa yana nan. A cikinmu akwai masu dangi a Yawuri da Baga da garuruwan bakin Neja, inda kwale-kwale ya zama motar zuwa kasuwa da gona da asibiti. Na biyu kuma, wannan inji ɗan uwan ƙaramin janareton nan ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, wanda muke ji yana ƙara a shagunan Sabon Gari da Samaru. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar ɗayan.

Asalinsa da yadda yake aiki

Wani Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Norwe mai suna Ole Evinrude yana cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan inji don sayarwa, a shekarar 1909, a birnin Milwaukee. Kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da nasa a 1960, kuma a yau Yamaha ne ya fi yawa a ruwayen Najeriya, musamman samfurin Enduro.

Injin ya kasu kashi uku. Akwai kai, inda fistin da fulogi da kafireta suke, nan ake ƙona mai a samu ƙarfi. Akwai ƙafa, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin ƙasa. Sai gindi, inda giya da farfela suke, shi ne ke nutse cikin ruwa. Ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan kogin da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ya sanyaya kansa, ta hanyar wata 'yar roba mai fukafukai da ke juyawa a cikin ƙafar. Ana auna ƙarfinsa da doki, shi ya sa za ku ji ana cewa mai doki 15, mai doki 40, mai doki 75.

Me ya sa ake sayen na hannu?

Amsar ita ce kuɗi. Sabon inji daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala. Don haka masunci ko mai jigilar fasinja yakan tara abin da ya samu na shekaru, wani har ya sayar da dabba ko ya ci bashi, ya sayi na hannu. Idan ya dace, injin zai ciyar da gidansa. Idan aka yi masa rufa-ido, jarinsa ya nutse tun jirgin bai bar gaɓa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta wuce ado, domin babur in ya mutu a hanya sauka ake yi a tura, amma inji in ya mutu a tsakiyar kogi babu inda za a sauka.

Abin da ake dubawa kafin a biya

Na farko, a tafi da bakanike wanda ya san injin ruwa, kuma ya zama na mai saye ne, ba abokin mai sayarwa ba.

Na biyu, a duba lambar injin da ke manne a jikin maƙalinsa, a kuma nemi rasit. Satar injin jirgi abu ne da aka sani a garuruwan bakin ruwa. In an ga an kankare lamba, a haƙura da cinikin.

Na uku, a buɗe murfin kai. Farin gari-gari a jikin ƙarfe da kusoshin da suka ci tsatsa alama ce ta injin ya yi aiki a ruwan gishiri, kamar na Legas ko Fatakwal. Gishiri yana cin hanyoyin ruwan da ke ciki, inda ido ba ya gani. Sabon fenti ma abin tuhuma ne, don sau da yawa ɓoye tsagewa ake yi da shi.

Na huɗu, a auna matsin silinda. Bakanike zai cire fulogi ya ɗaura ma'auni, sannan a ja igiya. Abin da ake so shi ne silindojin su ba da lamba kusan ɗaya. Idan bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, to ringi ko fistin ya gaji, gyaransa kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Na biyar, a kwance noti na ƙasan gindi a ɗan ɗiga man giya. Mai lafiya yana da tsabta. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, ke nan robar da ke toshe shi ta lalace. In kuma an ga ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya ne suke cinye juna.

Na shida, a tayar da shi a ji da kunne, amma a cikin duro cike da ruwa. Kada a yarda a tayar da shi a busashe, domin robar nan mai fukafukai tana iya ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Da zarar ya tashi, a lura da wani siririn ruwa da ke tsartuwa ta bayan kai. Shi ne shaidar injin yana shan ruwa. In babu shi, a kashe nan take. Ya fi kyau kuma a same shi da sanyi, don wasu masu sayarwa sukan ɗumama shi kafin mai saye ya iso, saboda kada a gane yana wuyar tashi.

Na bakwai, a tambayi kayan gyara. Kamfanin da ke ƙera Evinrude ya daina yin sa a 2020. Inji komai kyansa, in babu kayansa a kasuwar da ke kusa, ranar da ya lalace ya zama ƙarfen 'yan gwangwan.

Ɗaura shi a jikin jirgi

Tsawon ƙafa shi ne abin lura na farko. Akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20, kuma dole ta yi daidai da tsayin katakon bayan jirgin. A saman farfela akwai wani faranti a kwance, ana so ya yi daidai da ƙasan jirgi. In ya yi sama da yawa, farfela za ta riƙa kamo iska, inji ya yi ta kuka babu gudu. In ya yi ƙasa da yawa, zai ja ruwa ya sha mai a banza, ya kuma riƙa bugun duwatsu da kututture.

A tabbata katakon da za a ɗaura shi bai ruɓe ba, a sa shi a tsakiya cif, a ɗaure maƙalai tamau, sannan a ƙara masa sarƙa ko igiya mai ƙarfi don ko ya suɓuce kada ya tafi ƙasan ruwa.

Kafin fita ta farko, a canza robar ruwa da fulogi da man giya, a wanke kafireta, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya canza su. Kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin injin.

Sai batun mai. Yawancin waɗannan injina ana haɗa musu fetur kashi 50 da baƙin mai kashi 1. Ga lissafi ga 'yan ajin lissafi: tanki mai lita 25 zai ci rabin lita, lita 10 kuma mililita 200. A bi abin da kamfani ya rubuta, kuma a yi amfani da man da aka yi don injin ruwa. Mai in ya yi kaɗan fistin zai kama, in ya yi yawa fulogi zai toshe.

Akwai kuma wata 'yar igiya, galibi ja, da direba ke ɗaurawa a hannu. Idan ya faɗa ruwa, igiyar za ta fizgo ta kashe injin. Wasu sukan cire ta wai tana damun su, wannan kuwa ganganci ne.

Inji mai kyau bai isa ba

Ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya ɗauko mutane fiye da 150 ya nutse a Kogin Neja, a yankin Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya, sa'o'inmu da ƙannenmu. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce ƙa'ida, ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa.

Saboda haka wanda ya yi kasafin sayen inji, ya haɗa da kuɗin rigunan kariya da filafili biyu da fulogin ajiya. Mu kuma ɗalibai, duk wanda hutu ya kai shi garin da ake tsallake ruwa, in ya ga jirgi ya cika har bakinsa yana shafar ruwa, ya sauka ya jira na gaba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, amin.