Wa Ke Tsige Mai Riƙon Dukiyar Maraya a Damana?

A Damana da sauran garuruwan Tondikandiya da ƙasar Kurfai a Nijar, idan magidanci ya rasu, dangi kan zauna bayan an share makoki su fitar da mutum guda, galibi wan mamacin ko ƙaninsa, su damƙa masa yara da abin da aka bar musu: gona a Dallol Boso, rumbun hatsi, 'yan awaki. In akwai fansho ko ajiya a banki, sai an rubuta abin da taron dangi ya yanke, an kai kotun Filinge alƙali ya tabbatar. Daga ranar nan mai riƙo ya zama naɗaɗɗen kotu, kuma gaban kotu zai amsa tambaya.

Kowa ya san hanyar naɗi, ta tsigewa ce aka bari ta yi ciyawa. Uwar marayu tana kallo aka kaɗa tumakin 'ya'yanta kasuwa, aka jinginar da gonarsu, amma ta kama bakinta don kada a ce ta raba zumunci. Wani mai riƙon ma bai ci komai ba. Ci-rani ya tafi Legas ko Abijan, damina biyu babu mai waiwayar gonar. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi yana ƙara yawan marayu. Harin ranar 15 ga Maris 2021 a yankin Banibangu kaɗai ya ci rayuka 58.

Alhali doka ba ta ɗaure hannun kowa ba. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda, yunƙurin samar da shi a 2011 ya watse. Amma doka mai lamba 2018-37 ta 1 ga Yuni 2018, wadda ta tsara kotuna, ta bar alƙali ya yi hukunci da al'adar masu ƙara a sha'anin iyali da gado, tare da masu ba shi shawara kan al'ada. Al'adar nan kuwa a wannan yanki ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, wanda bai yi sassauci a nan ba. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil duk sun hukunta tsige wasiyyin da ya rasa amana. Idan har wanda uba ya zaɓa da bakinsa ana tsige shi, ina ga muƙaddamin da alƙali ya naɗa? Malamai sun bambanta maci amana da mai rauni: na farko a cire shi ya biya abin da ya salwantar, na biyu a haɗa shi da mataimaki. Kuma mace na iya riƙo, don haka babu hujjar tsallake uwa mai hankali da tattali a nemo baffan da ke nesa.

In za a tsige mai riƙo, akan fara da mai gari ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu. In ya gagara, dangi su sake zama su zaɓi wani, a mayar da magana kotu.

Inda ƙarar ke mutuwa shi ne wajen hujja. Alƙali zai tambaya: shanu nawa aka bari, damin gero nawa? Sai a yi zuru, domin ba a ƙirga ba, ba a rubuta ba. A ganina nan ne babban sakacinmu. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a kafa shaidu ranar da za a miƙa wa maraya dukiyarsa. Me za su shaida in ba a san abin da aka karɓa ba? Kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa suna rubuta jingina da aron gona, amfani da su ya rage gare mu.

Kira nake ga limamai da masu gari na Damana da kewaye: kada ku shafa fatihar naɗin mai riƙo sai an ƙirga dukiya a gaban shaidu, an rubuta, an ba uwar yara kwafinta.