Ciwon Kwatangwalo Ba Na Wanzami Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in faɗakar da 'yan'uwa. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, guringuntsi ya lulluɓe su don kada su gogi juna. In tsufa ya cinye guringuntsin nan, ko sikila ta hana kan ƙashin samun jini, sai ciwo ya taso a matsematsi, wani sa'i har gwiwa. Haka ƙanena ya yi wata shida yana shan ƙaho a gwiwa, ashe cutar tana sama. Hoton asibiti ne ya nuna. Jama'a, mai ɗingishi ya ga likita da wuri. Kafin nan ya dogara sanda da hannun gefen lafiyayyar ƙafa.

Naku,
Wani Akawu, Zariya.