Kwamfuta mai adireshi biyu: Ƙofar da ake mantawa ba a kulle ba

A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rabar da kaso na ƙarshe na adireshin IPv4, tsohon tsarin da ke bai wa kowace na'ura lambarta a intanet. Duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, ko mutanen duniya ba su isa ba, balle wayoyinsu.

Magajinsa, IPv6, ba ya da wannan ƙarancin, sai dai shi da tsohon ba sa jin yaren juna. Shi ya sa ake saita kwamfuta ta riƙe adireshi biyu lokaci guda. Tun daga Vista, Windows ke zuwa da IPv6 a kunne, amma sai kamfanin da ke sayar da intanet ya bayar da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsaro. A Linux, dokokin iptables IPv4 kaɗai suke gadi. IPv6 yana da nasa daban, ip6tables. Ma'aikacin da ya toshe ƙofofin sabar ofis ta tsohuwar hanya ya tafi gida hankali kwance, alhali mai kutse na iya isa ga bayanan kwastomomi ta sabuwar.