Wutsiyar Kurciya da Zoben da ke Yi wa Rauta Jagora

Duk wanda ya taɓa sayen tebur mai durowa a wurin kafintocin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san abin da kan biyo baya bayan shekara biyu ko uku. Da damina durowa ta cije, sai an yi kokawa da ita kafin ta buɗe. Hunturu na kamawa ta saki, ta riƙa girgiɗi, har wata rana a jawo ta, allon gaba ya biyo hannu da ƙusoshinsa a tsaye, sauran durowar kuwa tana ciki. Akan ɗora wa kafinta laifi, wani lokaci da gaskiya. Amma tushen matsalar yana cikin halittar itacen kansa.

Idan aka yanko ɗan siririn ɓawon katako aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga ba dunƙulallen abu ba ne. Tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye, masu rami a ciki, a jere kamar damin kara, kuma ta cikinsu ne ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiya ke raye. Bangon waɗannan ƙwayoyi yana shan danshi daga iska, yana kuma mayar mata da shi, ko da bishiyar ta shekara hamsin da sarewa. A kudancin Jihar Katsina, inda ruwan sama kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, iskar Agusta cike take da danshi, ta Janairu kuwa busasshiya ce ƙarau. Katakon da ya zauna cikin iska mai danshi kashi 80 cikin 100 yakan riƙe ruwa kimanin kashi 16 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Idan danshin iska ya sauka zuwa kashi 20, abin da katako ke riƙewa ba ya kai kashi 5. Tsakanin waɗannan biyu katako ke kumbura yana motsewa kowace shekara, ta faɗi da kauri. Tsawonsa kusan ba ya canzawa.

Ƙusa ba ta san da wannan zance ba. Matsin zaren katako ne kawai ke riƙe da ita, kuma duk kumburi da motsewa suna ƙara buɗa raminta. Abin ya fi muni idan an buga ta a ƙarshen allo, wato ta bakin karan damin, domin a nan tsakanin zaruruwa take shigewa. Gam ma ba ya kama ƙarshen allo da kyau, saboda ramukan ƙwayoyin suna tsotse shi kafin ya bushe.

Maganin da masassaƙa suka gano tun da daɗewa, har ana samun sa a kayan katakon da aka tono a tsofaffin kaburburan Masar, shi ne haɗin da ake kira wutsiyar kurciya. Ana yanka ƙarshen allo ɗaya ya zama haƙora masu faɗin kai da siririn gindi, kamar wutsiyar kurciya idan ta baza ta. A ɗaya allon kuma a fafe gurabe masu wannan siffa. Da zarar an cusa su, jan durowa ba ya zare su, sai ma ƙara cije su. Littattafan koyar da kafinta sukan ba da karkata ɗaya cikin shida ga katako mai taushi, ɗaya cikin takwas ga mai tauri. Aikin da zarto da kurfi yana cin lokaci, yana kuma buƙatar hannun da ya goge. Shi ya sa kafintan da ke gaggawar haɗa kayan ɗakin amarya kafin ranar jere yake komawa ga ƙusa.

A nan injin da ake kira rauta ya shigo. Ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki, ana riƙe shi da hannu biyu, yana juya baki mai kaifi har sau 20,000 ko fiye a minti ɗaya. Kafintocin da suka mallake shi sun fi amfani da shi wajen yi wa gefen gado da ƙofar kabad ado. Amma idan aka haɗa shi da wani teburin matse katako mai ɗauke da farantin ƙarfe mai yatsu, kamar matsefi, yana iya yanka haƙora da gurabensu a lokaci guda, allo ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Sai dai bakin rauta ba zai taɓa matsefin ba, in ya taɓa zai cinye shi. Dole a sami wani abu da zai bi yatsun, baki kuma ya bi bayansa. Wannan abu shi ne zoben jagora, ɗan'uwan abin da makanikai ke kira bushin: ɗan faifan ƙarfe ne mai gajeren bututu a tsakiya, ana ɗaura shi a tafin rauta, baki ya ratsa ta cikin bututun, bayan bututun kuma ya riƙa gogar yatsun matsefi.

Wahala ta farko ita ce kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake ɗaura shi ba. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na kamfanin Porter-Cable na Amurka, inda zoben ke shiga rami mai faɗin inci 1 da 3/16, kimanin milimita 30, a ɗaure shi da noti ta ciki. Wasu injunan Bosch suna da nasu tsarin na murɗawa a ƙulle, wasu kamfanonin kuma sukurori biyu suke amfani da su. Mai sayen inji na hannu a kasuwar Funtuwa ko Kano zai iya tarar da rauta daga wata ƙasa, matsefi daga wata, zobe daga ta uku. Mafita ita ce farantin haɗi da ake sayarwa don haka, ko kuma a cire tafin roba na asali a yanka sabo daga roba mai tauri, a huda shi daidai da zoben da ke hannu. Injin da aka ƙera don Amurka kuwa da wuta mai ƙarfin bolt 120 yake aiki, ta Nijeriya 230 ce. In ba a sa masa taransifoma ba, ƙonewa zai yi.

Jerin aikin yana da muhimmanci. A zare filogi tukuna. A share ƙurar da ke gurbin zobe, domin ɗan ɓarɓashi ɗaya ya isa ya karkata shi. A zaunar da zoben ya yi daidai da tafi, kada ya turo ko kaɗan, sa'an nan a ɗaure noti. Bayan haka ne ake sa baki, ta ƙasa. Dalili shi ne a matsefin da aka fi sani, bakin wutsiyar kurciya faɗinsa rabin inci ne, milimita 12.7, zoben kuwa 7/16 na inci ne, milimita 11.1, don haka kan bakin ba zai ratsa bututun ba, ƙafarsa ce kawai ke wucewa. Daga wannan ne doka mafi tsanani ta aikin ta fito: ba a ɗaga rauta sama tana cikin juyawa. Sai a jawo ta baya ta fita daga yatsun, ko a kashe ta a jira ta tsaya cik. Wanda ya ɗaga ta zai kafta wa matsefin baki, ya ɓata kayan aiki biyu a ƙiftawar ido. Haka kuma tsawon bututun bai kamata ya wuce kaurin matsefi ba, in ya wuce zai riƙa tokarar katako.

Ga ɗaliban lissafi, akwai ɗan aiki a nan. Tazarar da ke tsakanin gefen abin da zobe ke bi da wurin da baki ke yanka ita ce rabin bambancin faɗinsu. Alal misali, zobe mai milimita 16 da miƙaƙƙen baki mai milimita 10, bambancinsu 6 ne, tazara kuwa 3. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne idan baki yana tsakiyar zobe daidai. A ce zoben ya goce da rabin milimita. Ta gefe ɗaya tazara za ta zama 2.5, ta ɗaya gefen 3.5. Ke nan kafintan da ya juya rauta a hannunsa yana tsakiyar aiki zai sami bambancin milimita guda cur tsakanin haƙori da haƙori, kuma milimita guda a haɗin katako rami ne da ido ke gani daga nesa. Don haka ake amfani da wani ɗan ƙarfe mai siffar mazurari: a ɗaura shi a madadin baki, a sassauta sukurorin tafi, a tura mazurarin cikin bututu har ya jawo zoben tsakiya, sa'an nan a ɗaure. Inda babu shi, sai a yi wa tafin alama da fenti, a tabbata alamar tana fuskantar mai aiki daga farko har ƙarshe. Kuskuren yana nan, amma ya zama iri ɗaya a ko'ina.

Abin da ya fi ba sababbin hannu mamaki shi ne zurfin yanka ne ke hukunta ko haɗi zai cije ko zai yi sako-sako. Bakin yana da karkatar digiri 14, siririn wuya a sama, faɗi a ƙasa. Idan aka ƙara zurfi, siririn sashen ne ke ratsa saman allo, sai kan haƙori ya ƙara faɗi, alhali gindin gurbi bai canza ba. Tanjan na digiri 14 kusan 0.25 ne, gefe kuma biyu ne, saboda haka ƙarin zurfin milimita 1 yana ƙara wa haƙori kusan rabin milimita. Haɗin da ya ƙi shiga, a rage zurfi. Wanda ke lilo, a ƙara. Kuma a gwada a guntayen katako masu kauri ɗaya da na aikin kafin a taɓa allon gaske.

Wannan gwaji ba fiƙili ba ne, domin katako mai kyau ya yi tsada. Dazuzzukan wannan yanki, ciki har da dajin Kogo na Faskari wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa a 2020, gida ne ga doka, da maje, da maɗaci, da ƙirya, amma sara da rashin tsaro sun taɓa su ƙwarai. Kowane irin itace kuma da halinsa a gaban rauta. Zaren maɗaci, wanda masana tsirrai ke kira Khaya senegalensis, a sarƙe yake, wani sashe ya karkata dama, wani hagu, don haka yakan ɓantare a inda baki ke fita. Ana rage wannan da jingina wani guntun allo a bayansa da kuma tafiya a hankali. Ƙirya tana da tauri har tana dakushe baki da wuri. Malaina mai taushi ce, tana yankuwa cikin sauƙi, ita ta fi dacewa da ɗalibi mai koyo. Ko wanne ne, sai ya bushe sosai a inuwa. Haɗin da aka yanka a ɗanyen katako a watan Satumba zai buɗe baki kafin Fabrairu.

Malaman da ke koyar da fasaha a makarantun sakandare, musamman inda injuna suka daɗe a kulle cikin akwatuna, su lura da wani tarko kafin su miƙa wa yaro rauta. Ƙafar baki iri-iri ce: akwai mai milimita 6, akwai mai rubu'in inci, wato milimita 6.35. Ido ba ya bambance su. Idan aka sa mai 6 a mariƙin 6.35, zai yi kamar ya ɗauru, amma yana iya zamewa ko ya fice yana tsakiyar gudu. Notin zobe ma girgizar inji kan kwance shi, don haka a riƙa duba shi bayan kowane allo. Zoben tagulla ya fi na baƙin ƙarfe sauƙin ɓarna idan baki ya taɓa shi, domin tagulla ta fi taushi. Sai kuma ƙura. Tun 1995 Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci, ga masu shaƙarta shekara da shekaru. Rauta kuwa ƙura mai laushi take tayarwa, a daidai fuskar mai sunkuyo yana duban yatsun matsefi. Takunkumi, da tabarau, da abin toshe kunne su kasance a jikin ɗalibi kafin a mayar da filogi, hannun riga kuma a naɗe shi har gwiwar hannu.